Ta'aziyya da Tawada

"Ba ni zuwa, Malam."

Malam Lauwali ya ɗago kai daga teburinsa a hankali. Shi ne shugaban ofishin rance na Bagudo, wani ɗaki mai rufin kwano a bakin kasuwa, inda wata ƙungiyar gama kai ke ba masunta da manoma bashin jirgi da koma da garma. Tun da aka buɗe ofishin babu wanda ya taɓa ce masa a'a, balle yarinya.

"Mi kinka ce, Mariama?"

"Na ce ba ni zuwa. In ta'aziyya ta, ni tahi da ƙafata. In tawada ta, ku aiki wani."

Wani kuwa babu shi, kuma dukansu sun sani. Manu masunci ya ci bashin jirgi da koma, damina na kankama zazzaɓi ya ɗauke shi. Bai yi kwana arba'in a ƙasa ba kogin Kwara ya cika ya cinye bukkarsa, sai 'yan'uwan matarsa Saratu suka ƙetare da ita ƙauyensu a ƙasar Dahome, bayan Lolo, ta ƙarasa takaba a can. Namiji ba ya shiga wurin mai takaba. Mariama kaɗai ke iya zama kusa da ita a tabarma ɗaya.

Abin da Malam Lauwali ke so ƙarami ne a ido. Takarda guda, da ɗan kwalin tawada. Mariama ta je ta yi gaisuwa, ta yi kuka in kukan ya zo, sannan ta ce wa Saratu takardar shaidar mutuwa ce, ta dangwala yatsa. Da zarar yatsan ya hau, bashin Manu ya koma wuyan Saratu, awakinta da tasoshinta na aure da murhun banda kifinta duk sun zama jingina. Masu bincike na tafe daga Sakkwato kafin bikin 'yancin kai, shi kuwa ba ya son su tarar da bashin da mai shi ke kabari.

"Takardar Zariya na nan cikin durowata," in ji shi, bai ɗaga murya ba. "Sa hannuna kawai ya rage. Ki tahi gida ki yi tunani."

Zariya. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Tun tana makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi wata malamarsu ta ba su labarin kwas ɗin lissafin kuɗi da ake yi a can, inda ake koyon yadda banki ke ba da rance, da yadda ake auna wanda zai iya biya tun kafin a ɗora masa nauyi. Turawa na tattara kayansu, kujeru na neman masu zama. Malamar ta ce wata rana mace za ta zauna bayan kantar banki a ƙasar nan, maza su yi layi. 'Yan aji suka yi dariya. Mariama ba ta yi ba. Daga ranar Zariya ta shige mata rai, ita da ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. Da albashinta na fari ta sayi akwatin ƙarfe shuɗi, ta kai wa mai rubuta sunaye a jikin motoci, ya zana mata da farin fenti: Mariama Namadi, Zariya. Akwatin na ƙarƙashin gadonta. Wani lokaci takan jawo shi ta buɗe, ta shaƙi ƙamshin sabon ƙarfe, ta mayar.

Aikin karɓar bashi kuwa ba ta same shi don an ga ƙoƙarinta ba. An ɗauke ta ne don maza na tsayawa a zaure, kuɗin gida kuwa yana hannun matan da ke ciki, masu banda kifi da masu man gyaɗa. Ga shi tana jin Dendi kamar Hausa. Ta taka Kurgu, ta taka Lafagu, ta bi jiragen kasuwa har Dole Kaina, rana ta ƙona ta, ƙaya ta ci takalmanta. Mata suka sa mata suna 'Yar Bashi. In ta doso unguwa sai ka ji wata ta ɗaga murya ta katanga, "Ku ɓoye kajinku, ga 'Yar Bashi nan da littahinta!"

Ita kuwa sai ta amsa, "Kajinki ramammu na, Inna, ko kyauta ba ni so."

A yi dariya, a shimfiɗa mata tabarma. Tana da ƙa'idarta. Littafin a hannu take riƙe shi, a fili, ba ta taɓa sa shi ƙarƙashin mayafi ba. Takan sha ruwan gida, ta tambayi yara, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Kowace takarda sai ta karanta wa mace ita da harshen da take ji kafin yatsa ya taɓa tawada. Ba a son ganinta, amma ba a taɓa cewa ta yi wa wata ƙarya ba. Da wannan take ɗaga kai a kasuwa.

Ta fito daga ofis ta tarar da Bunyaminu a gindin ɗorawa yana gyara sarƙar kekensa. Shi ne ɗayan akawun, mai bin maza bashi, kuma duk abin da aka faɗa a ciki ya ji, don ƙofar ofishin ba ta rufuwa.

"Sannu, sarauniyar Ingila," ya ce. "Kin ƙi sarki kin ƙi dogari."

"Gyara kekenka."

"Ke, saurara. Amshi takardar ki tahi. Ki sha fura a Lolo, ki dawo ki ce matar ta ƙiya. Wa ka bin sawunki har Dahome, ƙasar Faransawa?"

"In na amsa yau, gobe wata takaba ta zo ya sake miƙo mani. Kuma ƙarya ƙarya ta, ko ga Saratu ko ga Malam."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ta, wasan ya bar fuskarsa. "Kin san in ba ke ba, ni za a tura Zariya. Kuma kin hi ni lissahi, kowa ya sani."

"Na sani," ta ce, ta wuce. Ba ta so ya ga idonta ba.

A gida ta sami mahaifinta Namadi yana ɗaure buhunan gishiri da zai kai kasuwar Kurgu. Ta durƙusa ta faɗa masa komai. Ya ci gaba da jan igiya.

"Ran da na kai ki boko," ya ce daga baya, "har bakin masallaci anka yi mani dariya. Anka ce Namadi ya sai da ɗiyatai ga Nasara. Ni kuwa na ce su jira, su ga ranar da ɗiyata za ta hau jirgin ƙasa. Yanzu mi zan ce masu?"

"Baba, ku ce masu ba ta cuci mai takaba ba."

"Wanga ba ya hawa jirgi."

"Ku kunka koya mani. Ran da ankai jana'izar Manu, liman ya ce duk mai bin shi bashi shi yi magana. Bashin mamaci cikin abin da ya bari aka biya nai. Jirgin na nan ɗaure a bakin ruwa. Mi ya kai awakin Saratu ciki?"

Namadi ya zauna a kan buhu. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. "Taurin kanga naki na uwarki na, Allah shi jiƙan ta." Ya ɗago ya dube ta. "Ba ni ce maki ki tahi ki yi. Amma kada ki ce in yi murna."

Washegari ta shiga jirgin 'yan kasuwa, ba takarda, ba littafi. Ta ɗauki ɗan gishiri da sabulu a ƙwarya. Ruwa ya cika har ya shanye gonakin shinkafa, sai kawunan itatuwa ke leƙowa. Daga Lolo ta bi ayarin mata masu tallar daddawa a ƙafa. Babu wanda ya tambaye su ina za su. A wancan gefen iyaka ma sabuwar tuta aka kafa a bakin hanya, amma matan ba su ɗaga kai sun dube ta ba, zancen tsadar barkono suke yi.

Ta yi sallama a gidan. Saratu na zaune a ƙuryar ɗaki, kai ba kitso, ido ba kwalli, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Tana ganin mai shigowa sai ta gane ta. Ta miƙa ƙafa a hankali ta tura tasoshinta ƙarƙashin gado.

"'Yar Bashi," ta ce da Dendi, "har nan? Ko takabar ba za ku bari in gama ba?"

Mariama ta ajiye ƙwarya. Ta buɗe tafukan hannunta biyu, ta girgiza mayafinta don a ga babu komai.

"Gaisuwa na zo, Inna. Yaya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

Aka kawo ruwa ta sha. Saratu ba ta saki jiki ba, idonta na kan hannun baƙuwar, tana jiran inda littafin zai ɓullo. Da ta ga zama ya yi tsawo babu abin da ya fito, sai ta fara maganar Manu, yadda yake kiran jirgin nan amaryarsa, yadda ya shafa masa kwalta da hannunsa, yadda ya ce kakar bana zai biya ya huta. Ta yi kuka. Mariama ma ta yi, kuma ba ta iya rabe wane hawaye ne na Manu ba, wane ne na akwatin da ke ƙarƙashin gadonta.

Da za ta tashi ta ce, "Inna, abu guda. Kowa ya kawo maki takarda, ko ni ce, kada ki sa yatsa sai gaban alƙali."

Saratu ta dube ta da zargi. "Wata dabarar ce kuma?"

"A'a. Ki dai riƙe."

Ba ta faɗa mata sauran ba. Mace mai takaba tana da abin da ya ishe ta ɗauka.

Da ta koma ofis Malam Lauwali bai yi faɗa ba. Ya ce ƙungiya ba ta iya riƙe ma'aikacin da ke zaɓen aiken da zai je. Ya karɓi littafin, ya ba ta abin da ya rage na albashinta. Ta sa hannu da cikakken sunanta, da kyakkyawan rubutun da aka san ta da shi, ta fita ba ta waiwaya ba. Sai da ta kai bayan rumbunan gidansu, inda ba mai ganinta, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Ranar bikin 'yancin kai garin ya cika da kiɗa. 'Yan makaranta suka yi maci da ƙananan tutoci, aka raba shinkafa da nama, wani malami ya hau tebur yana cewa daga yau 'ya'yan ƙasa ne za su riƙe ofisoshi da bankuna. Mariama ta tsaya a bayan taro ta saurara har ƙarshe. Kwana kaɗan bayan haka Bunyaminu ya hau motar Jega da jakar buhu a kafaɗa. Ya zo yi mata sallama, ya tsaya a zaure yana murza hula.

"Ara mani akwatinki mana," ya ce, yana son ya mayar da abin wasa. "Ko shi shi ga Zariya."

"Da sunana a kai. Sai a ce ka sato."

Suka yi dariya, ta ƙare da wuri. Ya ce zai ba ta labarin jirgin ƙasa in ya dawo. Bai dawo Bagudo da zama ba. An ce yana wani banki a Kaduna, yana ɗaura taye a wuya.

Da takaba ta ƙare maganar ta je gaban alƙali, kamar yadda ya kamata tun farko. Aka sayar da jirgin Manu da komarsa aka biya ƙungiya. Saratu ta dawo da awakinta da tasoshinta, ta sake hura murhun banda a bakin ruwa.

Mariama kuwa ta ja akwatin shuɗi zuwa kasuwa. Ranar kasuwar Bagudo, da ta Kurgu, da ta Lafagu, takan zauna a inuwa da shi a gabanta a matsayin tebur, tana karanta wa mata takardun rance kafin su dangwala, tana yi masu lissafin adashi, a biya ta da kwabo ko da ƙullin daddawa. Fentin ya soma ɓarewa, amma Zariya na nan ana karantawa. Duk motar da ta tashi zuwa gabas sai ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ta dawo kan aikinta. Shekara ta bi shekara, abin bai rage ba. Mahaifinta ya rasu bai daina sauya zance ba in an ambaci jirgin ƙasa.

Saratu takan wuce ta gabanta da kwandon kifi a ka, ta ce wa abokiyar tafiyarta, "Ga 'Yar Bashi can, an ce korar ta anka yi. Wa ya san abin da ta ci."

Mariama takan ɗaga kai ta ce, "Ina kwana, Inna."

Ba ta taɓa yin nadama ba, kuma ba ta taɓa cewa abin bai yi ciwo ba. Ta rasa aikinta, ta rasa Zariya, ta rasa kujerar da ta fi kowa cancanta da ita, mahaifinta ya tafi bai ga ranar da ya yi wa mutane alkawari ba, kuma matar da ta yi duk wannan dominta har ta mutu ba ta sani ba.