Takwarar da Ba Ta Bayyana Ba

Baba da Mama duk fiziks suke koyarwa a jami'a ɗaya, ofisoshinsu na kallon juna. Tun ina ƙarama na san gardamarsu, don a lokacin cin abinci ake yin ta har miya ta huce.

A tushen magana ba su da saɓani. Sun yarda cewa kowace ƙwaya cikin mafi ƙanƙantar ƙwayoyin halitta tana da takwara, kuma asali nauyinsu ɗaya. Daga baya daidaiton ya karye, takwarorin suka yi nauyin da ya hana a gano su. Rigimar ita ce ta yaya karayar ta iso gare su. Baba ya ce ƙarfin nan mai jan abu ƙasa ne ya kawo ta. Mama ta ce wasu ƙwayoyi ne 'yan aike. Yana kiranta uwar 'yan aike, ita kuma ta ce masa sarkin nauyi, tana nuna tumbinsa.

Wata rana masu wani babban injin bincike da ke gwara ƙwayoyi suka fitar da sakamako. Sun duba daidai inda lissafin Baba ya ce takwarar za ta bayyana, ba su ga komai ba. A kan lissafin nan ya yi furfura.

Na zaci Mama za ta shigo gida tana dariya. Sai ta ja ni kicin ta ce kada in kuskura in tayar da maganar. Muka same shi a baranda ya kwance fanka yana gogewa. Ta zauna tana riƙe masa sukurori, tana ta zancen maƙwabta.

"Dakta, na gani," ya ce, bai ɗago ba. "Ki daina lallaɓa ni."

Ta ce nata lissafin ma ɗan lungu ya rage masa, wataƙila baɗi a share shi. Ya ce ya sani, shi ɗaliban da ya ɗora a wannan hanya ne suka tsaya masa a rai.

Washegari ya tara su ya gaya musu hanyar ba ta ɓulle ba, ba kwana-kwana. Biyu suka koma wajen Mama. Ɗaya ta bar fannin gaba ɗaya, shi da kansa ya nemo mata gurbi a wani sashe.

Yanzu ranar Alhamis yakan zauna a kujerar baya a ajin Mama, ya ɗaga hannu kamar kowa. Wani lokaci takan yi kamar ba ta gan shi ba.