Kurmin da Japhet Ya Sare

"To ki ce in mayar da itatuwan kan kututturensu mana, Saloma. Ki ce, in nemo ƙaro in liƙa su!" in ji Japhet.

"Ni ban ce ba."

"Ai ba ki ce komai ba tun zuwanmu. Shirunki ya fi zagin matan garin nan ciwo."

Saloma ta durƙusa ta zura ƙoƙo cikin idon ruwan. Abin da ya biyo shi bai fi a jiƙa leɓe ba, shi ma rabinsa laka. Nan ƙauyensu na gindin dutse, can bayan Zuru, yake sha tun kaka da kakanni. Ko a tsakiyar bazara bai taɓa ƙafewa ba, sai bana.

Kowa ya san dalili. Bara Japhet ya shiga shekararsa ta ƙarshe ta golmo, noman da saurayi ke yi wa uban budurwa kafin a ba shi ita. Abokansa suka sa shi gaba da ba'a, wai gonar surukinsa ko akuya ta tsallake ta. Zuciya ta ɗebe shi. Ya tara su da gatura, suka kwantar da kurmin da ke saman idon ruwan, suka cinna wuta, ya miƙa wa mahaifinta, Baba Kefas, sabuwar gona. Baba ya sa albarka. Ita ma, Allah shaida, ta yi guɗa ranar. Har kunu ta kai musu, tana satar kallon zufa na bin bayansa, tana jin duk ƙasar Zuru ba macen da aka so kamarta.

Sai da damina ta sauka ta tuna da maganar marigayiya mahaifiyarta, cewa ruwa baƙo ne. Rana ke ɗaga shi daga gulbi, girgije ya goyo shi ya sauke a kan dutse, in bai sami saiwa ta riƙe shi ta ba shi masauki a ƙasa ba, wucewarsa yake yi. Haka kuwa ya wuce, ja wur, da ƙasar gonar da dawar Baba duka.

"Kawu Francis ya ce ana ɗibar soja," in ji Japhet, murya ƙasa-ƙasa. "A ɗaura mana aure, ki biyo ni. A bariki famfo kawai za ki murɗa."

"Tsofaffi irin su Inna Rachel fa? Da wannan ƙafar tata za ta riƙa zuwa gulbi?"

"Wata rana a haƙa musu burtsatse."

"Shi burtsatsen daga ina zai samo nasa ruwan? Daga bariki?"

Ya kawar da kai. Ta ga yadda ya rame, ta ga hannayen da suka yi kanta saboda ita, sai tausayinsa ya kama ta.

"Ka zauna, Japhet. Mu dasa ɗorawa da kaɗanya da maɗaci, ni da kai."

"Kafin ɗorawa ta yi inuwa mun yi furfura. Kin san har waƙa yara suka yi mini? Ba zan tsufa a garin da ake nuna ni da baki ba."

"Ko don ni?"

Ta jira. Iska mai zafi ta gangaro daga gonar da ba ko tsinke a kanta. Bai ɗago ba, sai wasa yake da tsakuwa da yatsan ƙafa. A nan ta gane cewa tafiya zai yi, da ita ko ba ita.

Ta miƙe. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Da guɗata aka sare kurmin nan, ba zan bar mutane da ƙishirwa in tafi shan famfo ba. Ranar Lahadi zan gaya wa Fasto ya daina kiran aurenmu a coci. Ka tafi, Allah ya tsare ka. Ni da ruwan farko zan fara dashe."