Rubutun Fensir a Shafi na Tara

Shekara talatin da ɗaya Baba Kwali yana kula da ɗakin ajiyar takardun tarihi, amma bai taɓa shan takaici irin na makon nan ba. Za a baje kolin kundin tsarin mulkin ƙasa na farko, sabon Darakta kuwa ya kafe sai dai a sa bugun inji a akwatin gilashi. Wai na asalin ya yi datti.

Datti fa! Baba ya buɗe masa shafi na tara. A gefe akwai layi guda da fensir, rubutun wani wakili, a karkace: kada a tsare kowa ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ƙarƙashinsa sa hannu goma sha ɗaya, duk da fensir, wani don zafin rai har ya huda takardar. Baba ya ce da farko an tsallake maganar, sai da aka kwana uku ana tayar da jijiyar wuya kafin ta shiga. Bugun inji yana nuna dokar, ba ya nuna faman da aka sha. Abin da bai faɗa ba, layin nan ne ya fito da mahaifinsa daga kurkuku, bayan shekara biyu ba wanda ya ce ga laifinsa.

Darakta yana ji yana latsa waya. Baba ya koma Talata, ya koma Laraba, har Sakatariyar Darakta ta fara tsokanarsa wai ya kawo katifarsa kawai. Ran Alhamis Darakta ya gaji.

"To, Baba, ka yi nasara. Bar shi nan, na asalin za mu sa."

Ranar har masu gadi sai da suka ga haƙoran Baba.

Washegari ya tarar da kundin a akwatin gilashi, a buɗe a shafi na tara. Gefen shafin fari tas. Sakatariya ta matso tana murmushi, da ɓurɓushin magogi a hannun rigarta.

"Yallaɓai ya ce a tsabtace shi. Duk zane-zanen fensir ɗin nan na goge, Baba, sai da yatsuna suka yi ciwo."

Baba ya matsa kusa da akwatin. Ya sa tabarau, ya sunkuya har numfashinsa ya dusashe gilashin. Ba abin da ya rage sai 'yar hudar nan.

Darakta ya dafa kafaɗarsa, ya tambaye shi ko ya ga yadda shafin ya yi fes. Baba ya ce ya gani.