Daƙiƙa Arba'in a Kantin Chepe

Rabon Baba da ya ga yayana Yeudy yana jifa a wasan besbol, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, tun Yeudy yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Zuwa kam yana zuwa. Babu wasan da aka yi a Consuelo ko San Pedro da bai je ba. Sai dai ya tsaya bayan rumfar 'yan kallo, ya juya wa fili baya, ya harɗe hannu, ni kuma in tsaya a gefensa ina gaya masa abin da ke faruwa.

Dalilin kowa ya sani. Ranar ƙarshe da ya zauna ya zuba ido, wani yaro ya maido ƙwallo da ƙarfi, ta sami Yeudy a kafaɗa, ƙashi ya karye. Baba ya ce idonsa ne. Wai ido mai nauyi gare shi, irin na kakansa da in ya kalli saniya sai ta daina ba da nono. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Fada na cocinmu ya yi masa nasiha. Bai saurari kowa ba. A garinmu kuma ba abin mamaki ba ne sosai. Akwai wanda ke yin wata uku da riga ɗaya ba wanki don ƙungiyarsa na kan ci.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Ina jin maganar da Allah ya ba ni a bayan rumfa na ƙarar da ita. Bara na gama sakandare, yanzu faci nake yi wa 'yan babur a garejin kawuna.

Yeudy yana da shekara goma sha shida masu neman 'yan wasa suka zo suka auna jifarsa, suka ce ba ta da gudu. Wata kwaleji a Amurka ce ta ɗauke shi, ya yi karatu kyauta ya riƙa yi musu jifa. Mutanen kwalejin nan, ƙwallon Amurka ce addininsu, wadda ake rungumewa a sheƙa da gudu. Ya turo mini hoton filayen biyu. Na ƙwallon Amurka yana cin mutum dubu saba'in. Nasu na besbol, benci ne 'yan kaɗan da allo.

Shekara huɗu yana turo guntayen bidiyo a waya. Baba bai kalli ko ɗaya ba.

"Wasan da ka riga ka san ƙarshensa shinkafar jiya ce," in ji shi. "Ba na ci."

Ranar Alhamis Yeudy ya kira ni ina tsakiyar faci.

"Joelvis, ranar Asabar za a nuna mu a talabijin. Wanda aka ci ya tattara ya tafi gida."

"To?"

"To ni shi ke nan. Ba mai ɗauka ta, ka sani na sani. Watan gobe zan fara aiki a asibitin gashin ƙashi."

Na ajiye tayar da ke hannuna.

"Ka sa shi ya kalla, ƙane. Ko jifa ɗaya."

"Yaya, ka san halin tsohon nan."

"Shi ya sa kai na kira."

Kwana biyu ina juya maganar. Ban sami ta inda zan ɓullo masa ba.

A unguwarmu kantin Chepe kaɗai ke kama tashar. Talabijin ɗin a rataye yake saman buhunan shinkafa. Ƙarfe biyu na ranar Asabar wuri ya cika, har an ture teburin domino gefe. Mama ta zo da tukunyar dakakkiyar agade da soyayyar albasa, ta kama kujerar gaba. Baba ya zo da tasa kujerar daga gida. Ya ajiye ta a bakin ƙofa, ta fuskanci titi, ya zauna ya ba talabijin baya. Na tsaya a dokin ƙofa, ido ɗaya ciki, baki waje.

Lokaci ya yi, ba besbol ba alamarsa. Tashar tana maimaita wani tsohon wasan ƙwallon Amurka na kwalejoji, na bara.

Cuqui, abokin Baba tun suna aiki a injin rake, ya ajiye kwalbarsa. "Jama'a, wai wannan wane irin wasa ne? Ƙatti su rungume juna, a busa usur, su tashi su haɗa kai su yi shawara. Wasa ne ko zaman majalisa?"

"Majalisa ma ta fi su motsi," in ji Chepe daga bayan kanta.

"Ka ga wancan mai lamba saba'in da biyu? Shi kaɗai zai cinye kantinka har da sikeli."

"In ya zo zan ce kai ne ɗanɗano."

Ni dai ina son wasan, amma ban faɗa ba. Yeudy ya koya mini shi a waya. Akwai lokacin da mai jefa ƙwallon ke sakin ta kafin wanda zai cafke ya waiwayo, ta je ta jira shi a inda bai kai ba tukuna. Wannan yana burge ni. In na faɗa a kantin Chepe, sai an shekara ana tsokana ta.

"Me ake ciki?" Baba ya tambaya bai juyo ba.

"Masu runguma ne har yanzu."

Ya yi tsaki.

Sai da suka gama rungumarsu aka sada mu da filin besbol, har an shiga zagaye na biyu. Kyamara biyu kacal. Masu sharhi su biyu, da ɗan Turancina na makaranta na gane hirar wanda zai jagoranci ƙungiyar ƙwallon Amurka a kaka mai zuwa suke yi. Chepe ya kashe sautin.

Yeudy ba shi ke fara jifa ba, ana ajiye shi ne sai wuta ta kama. Na riƙa ba Baba labarin yaran da bai sani ba. Mama kuwa waya na manne a kunnenta. Yohanna, 'yar ƙanwarta da ke aure a can, ta tuƙa mota awa biyar ta je filin, tana zaune kusa da bencin 'yan wasa.

Zagaye na bakwai. Su Yeudy na gaba da ci ɗaya. Abokan hamayya na da mutum biyu a kan tasha suna jiran a buga su ƙarasa gida, an fitar musu da mutum ɗaya, saura biyu a karɓe sanda daga hannunsu.

Mama ta zabura. "Sun kira shi! Sun kira ɗana!"

Muka kalli talabijin. Koci na zaune yana tofar da ɓawon gyaɗa.

"Doña Miguelina, wa ya kira wa?" in ji Chepe. "Mutumin ko tashi bai yi ba."

"Yohanna ta ce ga shi can yana tahowa!"

Can sai kocin ya miƙe, ya ɗaga hannun dama. Ƙofar katanga ta buɗe, Yeudy ya fito da sassarfa. Kanti ya ɗauki ihu.

"Ya shigo," na ce wa Baba.

"Na ji." Ya gyara zama, ya ƙura wa wani kare da ke kwance a titi ido.

Mai sanda na farko ya tsaya. Yeudy bai ko ɗaga ƙafa ba Mama ta ce, "Ya kuskure!" Na fara ƙirga a zuci. Ɗaya, biyu, uku. Sai da na kai arba'in mutumin ya kai sara ya sami iska. Jifa ta biyu na sake ƙirgawa. Arba'in da ɗaya.

"Ya fita! Ya fita!" Mama tana buga cinya, mutumin kuwa yana nan a talabijin yana gyara safar hannu.

"Haba Doña!" in ji Cuqui. "Ki bar mu mu ga abu da idonmu mana. Kin zama boka?"

"In ba ka so ka toshe kunne. Ɗanka ne?"

An fitar da biyu, saura ɗaya. Abokan hamayya suka tsaya canza mai sanda, tashar ta sa tallar mota. Na durƙusa gefen kujerar Baba.

"Baba."

"Faɗi."

"Talabijin ɗin nan a baya yake. Da daƙiƙa arba'in. Sau biyu ina ƙirgawa."

"Sai aka yi yaya?"

"Abin da ake gani a ciki ya riga ya faru. Kafin hoton ya iso Consuelo, ƙwallon ta bar hannunsa, ta je inda za ta. Idonka ba zai cim mata ba."

Ya ci gaba da kallon titi.

"Kuma ba shinkafar jiya ba ce. Ba ka san ƙarshensa ba. Ni ma ban sani ba."

"Uwarka ta sani."

"Sai ta kashe waya."

Cuqui ya matso da kwalbarsa a hannu. "Nicasio, yaron nan ya faɗi gaskiya. Ko idon kakanka ba ya tafiya da baya. In ka hango hayaƙin injin, ai raken ya riga ya shiga."

"Wa ya sa da kai?"

"Ba wanda ya sa. Shekara goma sha biyu ina kallon ƙeyarka a fili, na gaji."

Na ce, "Wannan ne na ƙarshe, Baba. In aka ci su yau, ya ajiye. Shi ya ce in gaya maka."

Tallar mota ta ƙare, aka sa ta inshora. Baba ya murza tafinsa a gwiwa, ya sake murzawa.

"Arba'in cif?"

"Har da ɗoriya."

Ya ɗaga murya bai juyo ba. "Miguelina. Kashe wayar nan."

Tunda nake ban taɓa ganin Mama ta yi abin da Baba ya ce ba tare da ta tanka ba. Ta kashe, ta kifa wayar a cinya.

Baba ya miƙe. Ya bar kujerar a inda take, ya shigo kanti. Mutane suka dare masa. Ya tsaya gaban buhunan shinkafa, ya ɗaga kai.

Hoto ya dawo. Yeudy a kan tudun jifa, ya sunkuya yana duban alamar mai cafkewa. Ya miƙe, ya ɗaga ƙafar hagu har ƙirji, ya saki. Mai sanda ya tsaya kallo, alƙali ya ɗaga hannu.

"Ta shiga, ta gefen waje, ƙasa," na ce. Bakina ne ya saba.

"Rufe mini baki. Ina gani."

Na rufe.

Jifa ta biyu ta yi sama da yawa. Ta uku mutumin ya taɓa ta, ta fita bayan layi. Saura kuskure ɗaya ya fita. Ba mai motsi a kantin. Har injin firiji ake ji. Ni ba talabijin nake kallo ba, Baba nake kallo. Bakinsa a ɗan buɗe, kafaɗarsa ta dama tana motsi kaɗan duk lokacin da Yeudy ya ja hannu baya.

Jifa ta huɗu mutumin ya same ta sosai. Ta ratsa tsakanin masu tsaron baya biyu, ta gangara har katanga. Mutum biyu suka ƙarasa gida. Koci ya fito yana tafiya a hankali, ya miƙa hannu, Yeudy ya ba shi ƙwallo.

Ba wanda ya kalli Baba. Chepe ya hau goge kanta da ba ta da datti. Ni na jawo shi ciki, in ya ɗora wa idonsa wannan, har ya mutu ba zai sauke ba.

"Joelvis."

"Na'am."

"Arba'in ka ce."

"Arba'in."

"To ba ni ba ne." Ya nuna talabijin da yatsa. "Gwiwar hannunsa ce ta sauka. Kun gani? A ta huɗu ta sauka, ƙwallon ta tsaya a tsakiya kamar an ajiye a faranti. Ko Cuqui sai ya buga wannan."

"Ni da na buga ta ai da ta faɗa teku," in ji Cuqui.

Kyamara ta bi Yeudy yana komawa benci, kai a ƙasa, abokan wasa suna bubbuga masa baya. Baba ya matsa har gwiwarsa ta taɓa buhu.

"Dubi faɗin kafaɗa," ya ce a hankali. "Wa ya koya masa ɗaga ƙafa haka?"

"Wani tsoho mai taurin kai, a bayan gidanmu, da lemun tsami a madadin ƙwallo," in ji Mama. Tana share ido da gefen riga.

Tashar ta yanke, ta sa tallar kakar ƙwallon Amurka mai zuwa, ƙatti na karo da kai.

"Kai! Ku maido mini da yarona!" Baba ya daka wa talabijin tsawa. Kanti ya fashe da dariya, har Chepe ya sauko da kwalba ya buɗe masa.

A ƙarshe an ci su Yeudy da tazarar biyu. Baba ya kalli sauran wasan a tsaye, ko za a sake haska benci. Sau ɗaya aka haska.

Wajen ƙarfe shida wayata ta yi ƙara, muna hanyar gida, ina ɗauke da kujera a ka.

"Ya kalla?" Muryar Yeudy a dashe.

Na miƙa wa Baba wayar.

"Jifa huɗu na gani," in ji Baba. "Uku masu kyau."

Ban ji abin da Yeudy ya ce ba. Baba dai ya daɗe a tsaye a tsakiyar titi, waya a kunne, wani ɗan babur yana ta yi masa hon.

"To ya isa," ya ce daga baya. "Ya isa haka. Saurara, maganar gwiwar hannun nan. Tun yaushe kake sauke ta?"

Na wuce gaba da kujerar. Har na kai gida na dawo neman su, suna nan inda na bar su, Mama tana miƙa hannu a ba ta waya, Baba yana kaucewa yana kwatanta jifa da hannu ɗaya.