Douwe Bai Ji Kansa Ba

Mako uku Ruurd Hiemstra ya kwashe yana gyaran waƙa guda ɗaya tak, kuma ranar da ya gama ya san ta yi. Waƙar ƙungiyarsu ce ta tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa, su ashirin da biyu, masu haɗuwa kowace Talata a ɗakin bayan gidan kofi na bakin tasha. Shi Ruurd ba ya rerawa, muryarsa ba ta da daɗi kuma ya sani. Aikinsa ɗaukar sauti da gyara shi a kwamfuta. Wannan ɗauka kuwa daban take, domin ita ce ta ƙarshe da amininsa Douwe ya tsaya a layin baya ya rera da su, kafin ciwon huhu ya kwantar da shi a gidan jinya. Likita ya ce makonni suka rage, bai faɗi ko nawa ba.

Duk garin babu mai kaurin muryar Douwe. In ya sauke murya ƙasa, cokulan da ke kan tebur har rawa suke.

Ruurd ya tura waƙar a wayar matarsa Aukje, ita ta kai wa Douwe da safe. Da ta dawo ta rataye rigar ruwanta, ta ɗora kofi, sannan ta ce, "Ya ce bai ji kansa ba."

"Kamar yaya bai ji kansa ba?"

"Ya ji kowa, ya ji mai kiɗan akodiyon, shi ne dai babu."

"Da me ya saurara?"

"Da nawa mana."

Ruurd ya ja dogon tsaki. Nata! Wani hedifon ne na roba da ta ɗauko a kanti kan yuro tara, daga gefen kantar sabulu, har kunne ɗaya an naɗe shi da salatif. Da wannan tarkacen za a yi wa aikinsa hukunci? Nasa yuro dubu da ɗari huɗu ya saya, jikinsa katako, kunnuwansa fatar ɗan rago, yana da amfilifayarsa ta kansa mai ƙara ƙarfin sauti, kuma ko ƙura Aukje ba ta isa ta goge masa ba. A cikinsa muryar Douwe na nan daram, shimfiɗe a ƙarƙashin sauran kamar daɓen ɗaki.

"Laifin abin wasan yaranki ne," ya ce. "Ba ya iya ɗaukar murya mai kauri."

"To ai sai ka je ka faɗa wa Douwe haka."

Ya kuwa je. Washegari ya naɗe hedifon da amfilifayar a tawul, ya saka a kwandon keke, ya yi ta fama da iskar da ke bugowa daga teku har ya isa. A hanya yana ta shirya maganar da zai yi in Douwe ya ji bambancin.

Ya same shi an tokare masa baya da filo uku, robar iska a hanci, wuyansa ya zama siriri abin tausayi. Bakin dai yana nan yadda yake.

"Ga injiniya da kayan aikinsa," in ji Douwe. "Tashar rediyo za ka buɗe min?"

"Yi shiru, tsoho. Yau za ka ji waƙa irin yadda ake jinta."

Sai da ya janye teburin magani kafin ya sami soket. Ya jona komai, ya ɗaga hedifon da hannu biyu ya ɗora a kan Douwe. Nan take kan ya sunkuyo. Abin ya kusa rabin kilo, Ruurd bai taɓa tunanin nauyinsa ba. Fatar kunnuwan kuma ta danne robar iskar da ta zagaya ta bayan kunne. Akodiyon ya fara, masu siririyar murya suka shiga, Douwe ya daure, ya daure, saura ƙiris a zo wurinsa sai tari ya sarƙe shi.

"Cire min wannan tukunyar."

"Daƙiƙa goma kawai, Douwe. Yanzu za ka shigo."

"Na ce ka cire."

Ya cire. Sai da numfashin ya daidaita Douwe ya ce, a hankali, "Ruurd, kai kaɗai ke da irin wannan a garin nan. 'Yata da ke Kanada a waya za ta ji. Su Wiebe, 'yan ƙungiyarmu, a mota za su ji. Ni kuma da na Aukje. Wa ka yi wa waƙar, mu ko kunnenka?"

Haushi ya kama Ruurd. Ya tattara kayansa, ya ce zai dawo, ya fita. A hanyar gida iskar ta juya ta sake zame masa ta gaba, ya yi ta zagin ta, ya zagi masu ƙera hedifon ɗin roba, ya zagi mutanen da ba su san darajar sauti ba. Shekara arba'in yana horar da kunnensa, yanzu a ce ya koma aiki da kayan kantar sabulu.

Da ya iso gida, hannu kawai ya miƙa wa Aukje. Ta ciro hedifon ɗinta daga jaka ta ba shi, sai dai murmushin da ta yi ya fi magana ciwo.

Ya zauna gaban kwamfuta, ya saka abin a kai yana yatsine fuska, ya kunna. Ga akodiyon, ga su Wiebe suna ta tsala murya a sama. Aka zo wurin Douwe, sai rami. Babu shi kwata-kwata, kamar bai zo ba ran nan. Ruurd ya maimaita sau uku ko zai samu abin musu, bai samu ba, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

Ya fara ɗaga muryar. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya fito da kaifinta yadda robar za ta iya ɗauka. Douwe ya fara bayyana. Amma tare da shi wani abu ya fito wanda Ruurd ya ɓata kwana huɗu yana binnewa: a baiti na uku numfashin Douwe ya yanke, muryar ta karye, ta kauce daga kan waƙar kafin ya kamo ta. A tsohon gyaran sauran muryoyi sun rufe wurin ruf. Yanzu kuwa ga shi a fili, har da shessheƙar ƙirjin.

Ya gwada sabon gyaran a nasa mai tsada, ya cire da sauri. Kai ka ce bijimi ne ya faɗo cikin taron. Kwana biyu ya yi yana neman tsakiya, inda za a ji Douwe ba tare da an ji karyewar ba. In ya rage, mutumin ya ɓace. In ya ƙara, rauninsa ya fito. Ya buga tebur har linzamin kwamfutar ya faɗi ƙasa.

Rana ta uku Aukje ta leƙo da farantin burodi da cuku. "An kira daga gidan jinya. Jiya bai ci komai ba."

"Bai gyaru ba tukuna."

"Ruurd, kai kana da mako uku. Shi fa?"

Ya zauna yana kallon allon. Sannan ya tura sabon gyaran a waya, ya cusa hedifon ɗin Aukje a aljihun rigar sanyi, ya hau keke. Wannan karon kwandon fayau yake.

Douwe ya ƙara ramewa a kwana ukun nan, an rage filon zuwa ɗaya. Bai yi tsiya ba, ido kawai ya buɗe. Ruurd ya sanya masa hedifon, ya gyara robar iskar ta bi ta ƙarƙashi, kan ko motsi bai yi ba don abin ba shi da nauyi. Ya danna, ya koma kan kujera, yana jiran baiti na uku.

Da aka zo wurin shigarsa, yatsun Douwe suka motsa a kan bargo. Leɓensa ya fara bin kalmomin. Baiti na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku ya tsaya cak, ya juyo da ido.

"Na kauce."

"Kaɗan ne."

"Ba kaɗan ba ne, maƙaryaci. Ka ji yadda ƙirjina ke kuka?" Ya ci gaba da saurare har waƙar ta ƙare. Hawaye ya gangaro ya tsaya a kan salatif ɗin. "Amma dai ni ne. Wannan za ka tura wa 'yata, kar ka taɓa komai."

"Zan iya ɗan rage wurin..."

"Ka taɓa ka gani." Ya lumshe ido. "Sake sa min."

Ruurd ya sake danna wayar. Daga inda yake zaune ba ya jin komai sai ɗan tsiririn sautin da ke yoyo ta gefen robar, irin sautin da ya tsana duk rayuwarsa. Ya ja kujerar ya matso kusa da gadon don ya ji da kyau.