Zanar Bayan Aji Bakwai

Malam Lado ya faɗo ofishin hedimasta ko kekensa bai tsaya jinginewa ba, sai ƙarar faɗuwarsa ya jiyo a baya.

"Ranka ya daɗe, na gano! Wallahi na gano!"

Hedimasta Hamajoɗa ya ɗago kai. A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas ne, kuma ya riga ya yanke cewa Asta, 'yar aji bakwai, ba za ta zauna jarrabawar shiga sakandare ba, don makinta kullum hawa da sauka yake.

Lado, malamin ajinsu, ya baje takardun gwaji a tebur. "Duba nan. Duk gwajin safe, Asta na sama. Duk wanda aka yi bayan hutun tara, tana can ƙasa, ita da ƙawayenta uku. Ba daƙiƙanci ba ne, yunwa ce! Ban taɓa ganin sun kai komai baki ba."

"Na ba ka zuwa Juma'a," in ji hedimasta. "In ta sake faɗuwa, magana ta ƙare."

Washegari Lado ya ɗauro tiren ƙosai tun daga unguwarsu ta Dubeli har cikin Yola, yana tafe yana fito. Ana kaɗa ƙararrawar tara ya dire shi a tsakiyar aji. "Bismilla!"

Yara suka yi caa a kai. Asta da ƙawayenta kuwa suka sunkuyar da kai.

"Mun ƙoshi, Malam," in ji Asta, cikinta na ƙugi har ana ji.

Da ya kai ƙara ofis, hedimasta ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Kai ɗan Dubeli! 'Yar Fulanin cikin Yola ce za ta tauna abinci a gaban malaminta, ga maza na kallo? Ai gara ta suma. Dakkerenta na gero na nan ƙunshe a jaka, kullum yadda ya zo haka yake komawa gida."

Lado ya daka tsalle. "Ashe ba abinci suka rasa ba, wurin ci ne!"

Kafin la'asar ya aro zana, ya kafa ta a bayan aji, guduma na samun yatsansa yana ƙyalƙyala dariya. Da safe ya ce wa 'yan aji, yana kallon rufi, "Bayan zanar can ta 'yan mata ce. Duk namijin da ya leƙa, ni da shi. Ni ma ban san me ake yi a ciki ba." Ana kaɗa tara, Asta da ƙawayenta suka sulale bayan zanar da jakunkunansu.

Ranar Juma'a aka yi gwajin lissafi bayan tara. Hedimasta da kansa ya duba takardar Asta, ya juya ta, ya sake dubawa, Lado na tsaye a kansa ya kasa tsayuwa wuri ɗaya.

"To, za ta zauna jarrabawar," in ji Hamajoɗa. "Kai kuma don Allah fita ka yi rawarka a waje, nan ofis ne."