Bugu Uku a Cikin Fiffike

Shekarar da Jamus suka kore mu zuwa garin Kuibishef, a ma'aikatar ƙera jirage Glafira ce ke shiga cikin fiffiken jirgin yaƙi, don ita ce 'yar siririya. Taisiya kuwa, ƙatuwa, tana waje riƙe da injin buga ƙusa. Haka aikin yake, mutum biyu ne. Ta waje ta danna ƙusa, ta ciki ta tokare da dungun ƙarfe har bakin ƙusar ya baje. Ta waje ba ta ganin abin da ya faru a ciki, kuma ƙarar wurin ko uwarka ke kiranka ba ka ji. Sai dai ta ciki ta ƙwanƙwasa. Ɗaya, ƙara bugu. Biyu, ta zauna. Uku, ta lalace, a cire.

Su biyun a tarago ɗaya suka zo daga Foronezh. Da zazzaɓi ya kama Glafira a hanya, Taisiya ce ta goya ta zuwa ɗakin katakon da aka sauke su. Bargo ɗaya suke rufa, burodi ɗaya suke gutsura.

"Glasha, ɓerar fiffike," in ji Taisiya kullum da safe, "shiga raminki."

"Na shiga, saniya. Ki dai bar hura min albasa ta hudar ƙusa."

To, sai aka rataye takalman ulu sababbi dal a jikin allon yabo, aka ce na wadda ta fi kowa ƙusa ne a watan nan, har da hotonta. Idon Taisiya bai sake sauka daga kansu ba. Ƙafarta kam ta sha sanyi, ba a musu, tsumma take naɗewa.

Fiffiken yana kan amalanken ƙarfe bisa layin dogo. In jiniya ta yi, a tura shi gaba, kin gama ko ba ki gama ba. Ranar Laraba ta ƙarshen wata, Glafira na kwance a ciki ta ga ƙusa ta lanƙwashe. Ta buga uku. Injin ya wuce ta gaba. Ta sake buga uku har gwiwar hannunta ta amsa. Injin bai tsaya ba. Ƙusa bakwai a jere, a kan ƙashin da ke riƙe fiffiken. Jiniya ta yi, aka ture shi.

"Taya, uku na buga miki," ta ce wa Taisiya da ta fito.

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Da na tsaya da mun rasa lissafin yau. Fenti zai rufe."

"Fenti ne zai riƙe ɗan mutane a sama?"

"Haba, 'yar'uwa. Ƙusa dubu nawa ce a jikinsa? Yi shiru kawai."

Glafira ta bar maganar a nan. Wanda ya goya ka, ai bakinka nauyi yake yi a kansa.

Jibin ranar, mai duba aiki ya leƙa da fitila ya gani. Heluma Lukich, shugaban sashen, ya kira su gaban layi, mata duk sun tsaya da ƙarafa a hannu.

"To, 'yan mata, wa ya yi min wannan kwalliyar?"

Glafira ta buɗe baki za ta ce mu biyu ne, jiniya ta riga mu. Sai ta ji muryar Taisiya, a sanyaye, kamar mai tambayar gishiri.

"Lukich, ni ina waje. Idona ba ya huda ƙarfe. Biyu ta buga min."

Lukich ya juyo. "Haka ne, Glafira?"

"Uku na buga."

"Wa ya ji?"

Wa zai ji? Doka dai ɗaya ce, ta ciki ita ce ido. Lukich ya san wadda za ta cika masa lissafi da wadda za a samu madadinta kafin azahar. Ya sosa gemu, ya ce an yi mata sassauci, ba za a kai ta gaban soja ba. Wata shida a daji saran itacen ma'aikata, katin rabon burodinta kuma a rage.

Ran tafiya, Glafira na zaune a bayan babbar mota da sauran matan da aka tsince, sai ga Taisiya a guje, ƙafarta cikin tsumma, takalman nan a hammata. Hotonta ya riga ya hau allo.

"Glasha, karɓi. Dajin can sanyinsa ba irin na nan ba ne."

Glafira ta karɓa. Wauta ce ka yi fushi da takalmi. Ta zura ƙafa, sun yi mata yawa, ta cusa ciyawa.

Taisiya ta tsaya tana jiran magana. Da ba ta samu ba, sai ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa jikin motar sau biyu, ta kafa kunne.

Glafira ta cire safar hannu. Ta buga ɗaya, ta buga biyu. Taisiya har ta fara murmushi. Sai ta buga na ukun.

Matan cikin motar duk 'yan fiffike ne, ba wadda ta nemi a fassara mata. Direba ya ja mota. Ranar dai ba inji, ba jiniya, kowa ya ji.